YADDA A KE DAIDAITA KAFIRETAR BABUR NA JEJI BAYAN AN SAKE MASA SALANSA DA HANYAR ISKA

Mai karatu, ka san babur, kullum kana ganinsa a kan hanya. To, akwai wani irin babur wanda ba domin titi aka ƙera shi ba, sai domin jeji, watau rairayi da taɓo da duwatsu da hawan tudu. Dogo ne, ba shi da nauyi, tayoyinsa kuwa masu manyan haƙora. Mutanen Ingila su suka fara tsere da babur a jeji, a wani wuri da a ke kira Camberley, cikin shekara ta 1924. Daga nan wasan ya bazu zuwa sauran ƙasashen Turai da Amurka da Japan. A watan Janairu na 1979 masu tseren Faris zuwa Dakar suka ratsa ta Agadas da Yamai, wanda ya ci kuwa wani Bafaranshe ne, Cyril Neveu, a kan babur Yamaha XT500.

Masu irin wannan babur suna da wata al'ada. Da mutum ya sayi nasa, sai ya cire salansar da aka ƙera shi da ita, ya sa wata mai faɗin ciki, ya kuma buɗe akwatin da iska ke shiga, wai domin injin ya ƙara ƙarfi. Sau da yawa abin da ya biyo baya ba ƙarfi ba ne. Babur ya riƙa shaƙewa, ya riƙa zafi, wani lokaci ma injin ya buga, kuɗi masu yawa su salwanta. Dalili kuwa guda ne: an ƙara wa inji iska, ba a sake auna masa fetur ba. Wannan awo aikin kafireta ne. Shi za mu bayyana maka a nan daki daki. Yawancin baburan haya da ka ke gani a garuruwanmu su ma da kafireta su ke aiki, saboda haka abin da ka koya a nan ba zai tashi a banza ba.

1. ABINCIN INJI

Inji ba fetur kaɗai ya ke sha ba. Abincinsa biyu ne, fetur da iska, iskar kuwa ita ta fi yawa nesa ba kusa ba. Dubi maƙeri. Ko gawayinsa ya yi tsibi, wuta ba ta ci sai an yi zuga. Haka fetur ya ke a cikin inji. Masana sun auna, sun tarar kilo 1 na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Watau lita 1 ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000, abin da zai cika duro 45 ke nan.

Ka ɗauki wannan gauraye kamar kunu. Fetur shi ne gari, iska ita ce ruwa. In gari ya yi yawa, sai mu ce kunu ya yi kauri. In ruwa ya yi yawa, sai mu ce ya tsinke. Da waɗannan kalmomi biyu za mu yi aiki har ƙarshen littafin nan, sai ka riƙe su.

Ko da ya ke 14.7 shi ne awon ƙonewa sarai, inji ya fi ba da ƙarfi in gaurayen ya ɗan yi kauri, watau iska kilo 12.5 zuwa 13 ga kowane kilo na fetur. Ɗan rarar fetur ɗin nan yana da wani amfani kuma. Sa'ad da ya ke zama tururi yana sanyaya cikin inji, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin manomi. In aka hana inji wannan rara alhali yana aiki iyakar ƙarfinsa, sai zafi ya hau. Fistan kuwa da alminiyam a ke yinsa, alminiyam yana narkewa a digiri 660. Ka ga ashe kauri ɓarnar fetur ya ke jawowa, amma tsinkewa ɓarnar inji.

2. YADDA KAFIRETA KE AIKI

Kafireta wani bututu ne wanda iska ke bi kafin ta shiga inji. A tsakiyarsa akwai wuri matsattse, mu kira shi maƙogwaro. Ka lura da kogi: inda ya yi faɗi ruwa a hankali ya ke tafiya, inda ya matse kuwa sai ya yi gudu. Haka iska ta ke yi a maƙogwaron nan. In ta yi gudu, sai danninta ya ragu, ta riƙa tsotso abin da ke kusa da ita. Gwada da kanka: riƙe takarda a ƙarƙashin leɓenka, ka busa iska ta bisanta, za ka ga takardar ta taso. Wani masani mutumin Italiya, Venturi, ya rubuta bayanin matsattsen bututu a 1797. A 1893 kuma wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, ya ƙera kafireta mai feshin fetur ta wannan hanya.

A ƙarƙashin maƙogwaro akwai kofi mai riƙe fetur. A cikin kofin akwai wani abu mai iyo kamar gorar masunta. In fetur ya cika, gorar ta taso ta rufe ƙofar mai, in ya ragu, ta sauka ta buɗe. Daga kofin nan iska ke tsotso fetur ta waɗansu ƙananan ƙusoshi na farin tagulla masu rami a tsakiya. Makanikai suna ce musu jet. Girman ramin shi ke yanka yawan fetur.

Hanyoyin fetur uku ne, kowace da lokacin aikinta. Ƙaramin jet, da sukurun da ke taimakonsa, su ke ciyad da inji tun daga silo har ka murɗa rubu'in totur. Daga rubu'i zuwa rubu'i uku aikin allura ne. Allurar nan tana rataye jikin wani ƙyaure mai hawa da sauka a maƙogwaro, bakinta siriri ne, tana cikin ramin da fetur ke fitowa. Iyakar yadda ta tashi, iyakar yadda ramin ya buɗe. Daga rubu'i uku zuwa ƙarshen totur kuwa aikin babban jet ne. Lura da kyau: inda hannunka ya ke a kan totur shi ke nuna hanyar da ke aiki, ba gudun babur ba. Hanyoyin kuma suna shiga juna a kan iyaka, ba a yanke su ke kamar gonaki masu shinge ba.

Kafireta ba ta da ido, ba ta da tunani. Ba ta san ka sake salansa ba. Baburan tsere na zamani da yawa sun koma injekta, wadda kwamfuta ke auna mata fetur: Suzuki RM-Z450 ya koma a 2008, Honda CRF450R a 2009, Yamaha YZ450F a 2010. Amma mai kafireta shi ne kwamfutar babur ɗinsa.

3. ABIN DA SAUYIN KE JAWOWA

Inji numfashi ya ke yi. Ta akwatin iska ya ke shaƙa, ta salansa ya ke fitarwa. In ka sa salansa mai faɗin ciki, hayaƙi ya fi fita da sauƙi, sabuwar iska ta fi samun wurin shiga. In ƙarshen salansa kaɗai ka sake, sauyin kaɗan ne, wani lokaci murɗa sukuru ya isa. In ka sake bututun duka tun daga bakin inji, sauyin ya fi haka.

Buɗe akwatin iska shi ya fi tasiri, dalilinsa kuwa biyu ne. Na fari, iska ta ƙaru. Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Sa'ad da akwatin ya ke a matse, inji yana jan iska da ƙyar, wannan ja kuwa yana taimakon tsotson fetur daga jet. Da ka buɗe akwatin, tsotson ya ragu. Ga iska ta ƙaru, ga fetur ya ragu, sai gauraye ya tsinke ta fuska biyu.

Ga misali. Kamfanin Suzuki na Japan ya fitar da babur DR-Z400S a shekara ta 2000, injinsa mai sisi 398, da kafireta Mikuni BSR36. Mahaya a Amurka suka saba yanke rami mai inci 3 tsawo, inci 3 faɗi, a saman akwatin iskarsa. Kafiretar nan irin wadda tsotson iska ke ɗaga ƙyaurenta ce ta wurin wata fatar roba, hannun mahayi ba shi ke ɗaga shi kai tsaye ba. Saboda haka in an buɗe akwatin ba a sake jet da allura ba, babur ɗin ya kan koma baya maimakon ya ci gaba. Tun daga ma'aikata ma an riga an tsinka masa gauraye kaɗan, domin dokokin hayaƙi na ƙasashen da a ke sayar da shi. A 2025 magajinsa, DR-Z4S, ya fito da injekta.

Akwai kuma bambanci tsakanin inji mai taki huɗu, irin na misalin nan, da mai taki biyu, wanda a ke gauraya masa man shafawa da fetur. A mai taki biyu, bututun hayaƙi mai kumburarren ciki sashen inji ne sosai, gama shi ke jan hayaƙi waje, ya kuma mai da gaurayen da ya tsere cikin silinda. Wani injiniya, Walter Kaaden, shi ya kyautata wannan dabara a ma'aikatar MZ ta Jamus ta Gabas, cikin shekarun 1950. In ka sake irin wannan bututu, lalle ka duba jet. Tsinkewa kuma ta fi haɗari a nan, domin in fetur ya ragu, man shafawa ma ya ragu tare da shi, fistan yana iya kamewa cikin silinda babur na cikin gudu.

4. ALAMUN TSINKEWA DA NA KAURI

Inji ba ya magana, amma yana nuna abin da ke damunsa ga mai lura.

In gauraye ya tsinke, babur ya kan yi wuyar tashi da safe, ya daɗe yana neman cok. In ka murɗa totur ka saki, sautin injin ba ya sauka nan da nan, sai ya rataya sama tukuna. In ka riƙe totur wuri guda, babur ya riƙa fizga yana sakewa. In ka murɗa da sauri, ya yi shiru kamar an shaƙe shi. Salansa ta riƙa harbi fat-fat in ka saki totur a gangara. Inji ya yi zafi fiye da yadda ya saba. Mafi muni, ka ji wani ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da ka ke hawan tudu. In ka ji wannan, sassauta nan take.

In gauraye ya yi kauri, inji ya riƙa gurnani yana tuntuɓe, ba ya kai ƙarshen muryarsa. Salansa ta ba da baƙin hayaƙi da warin fetur. Fulogi ya yi baƙi da kunkunniya. Babur ya tashi da sanyi ba cok, amma da ya yi zafi sai ya ƙara lalacewa.

Ga wata 'yar dabara. Cok ƙara kauri ya ke yi. In babur yana ciwo a wani wuri na totur, ka ja cok kaɗan, ka ga ya sami sauƙi, to, tsinkewa ce. In ya ƙara tsananta, kauri ne.

5. KAFIN KA TAƁA JET

Ba a auna hatsi da mudu mai huji. Kafin ka sake kome, tabbata babur ɗin lafiyayye ne, in ba haka ba za ka yi ta sauya jet kana bin inuwa.

Wanke soson da ke tace iska, ka shafa masa mansa, ka matse rarar. Zuba sabon fetur, gama wanda ya daɗe a tanki ya kan bar danƙo ya toshe ƙaramin jet. Wanke kafireta, ka busa ramukanta da iska. Kada ka soka musu waya, domin tagulla tana da taushi, ramin zai faɗaɗa. Duba tsayin gora bisa ga awon da ke cikin littafin babur ɗinka, gama in fetur ya yi sama ainun a kofi kome zai yi kauri, in ya yi ƙasa kome zai tsinke. Duba robar da ta haɗa kafireta da inji. In ta tsage, iska za ta shiga ta ɓarauniyar hanya, babu jet ɗin da zai gyara wannan. Duba mahaɗar sabuwar salansa kuma, domin in tana yoyo za ta yi harbi ko da gauraye daidai ya ke. In inji mai taki huɗu ne, a auna bawul. In mai taki biyu ne, tsai da awon man shafawarka wuri guda, kada yau kashi 1 cikin 32, gobe 1 cikin 50, gama yawan mai yana rage fetur ɗin da ke bi ta jet.

Sa'an nan nemi ɗan littafin rubutu. Rubuta lambar babban jet, da ta ƙarami, da matsayin allura, da yawan murɗin sukuru, kamar yadda ka same su. Ga amfanin karatu ke nan: wanda ya rubuta, in ya ɓace hanya, ya san inda zai koma. Yi alama kuma a jikin totur da farin fenti, ka raba murɗinsa kashi huɗu, domin ka san hanyar da ke aiki sa'ad da ciwo ya bayyana.

Dokoki biyu za ka bi. Ta fari, abu guda za ka sake a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta. In ka sake uku babur ya gyaru ko ya ɓaci, ba ka san wanda ya yi aikin ba. Ta biyu, fara daga wajen kauri ka gangaro. Kowane gwaji kuwa sai inji ya yi zafi sosai, bayan tafiyar minti 10 ko 15.

6. BABBAN JET

Da shi a ke farawa, domin a wurinsa haɗari ya fi yawa, shi ne kuma ƙofar da fetur ɗin allura ke bi. Kowane jet yana da lamba a jikinsa. In lamba ta fi girma, fetur ya fi yawa. Amma kowane kamfani da irin lissafinsa. Na Keihin, lambarsa kusan faɗin ramin ce: 160 wajen milimita 1.6 ke nan, lambobin kuwa suna tafiya 160, 162, 165, 168, 170. Na Mikuni mai kusurwa shida kuwa yawan man da ke wucewa a ke lissafawa. Saboda haka 160 na wannan ba 160 na wancan ba ne. Sayi irin na kafiretarka kaɗai.

A DR-Z400S na Amurka, babban jet na asali 142.5 ne, na gaba da shi 145, sai 147.5, sai 150. Haka a ke hawa mataki mataki. Sa wanda ya fi naka da mataki biyu ko uku. Nemi fili miƙaƙƙe wanda ba mutane ba dabbobi, mai ɗan hawa in da hali. Sa babbar giya, ka murɗa totur duka. In inji ya yi gurnani ya ƙi kai ƙarshen muryarsa, jet ya yi girma, sauko mataki guda. Yi ta saukowa har muryar ta washe, sa'an nan ka tsaya. Kada kwaɗayi ya sa ka ƙara saukowa.

Ga wata shaida. Kana cikin gudu totur a buɗe duka, sai ka ɗan sassauta kaɗan. In babur ya ƙara ja sa'ad da ka sassauta, jet ya yi ƙanƙanta. Fulogi ma mashaidi ne. Sa sabo, ka yi gudu totur a buɗe, sa'an nan ka kama kuloci ka kashe inji lokaci guda, kada ka bar shi ya yi silo. Cire fulogi ka dubi farin tangaran ɗinsa har can gindi. Ruwan ƙasa mai haske alheri ne, baƙi kauri ne, fari fat mai ƙyalli ko mai ɗigon toka tsinkewa ce. Amma ka sani fetur na yanzu ba ya rina fulogi kamar na dā mai darma, wanda aka daina sayarwa ga motoci a duniya duka a 2021, saboda haka kada ka dogara ga launi kaɗai. Manyan makanikai suna da na'ura wadda a ke sa wa a salansa ta nuna awon gauraye da lamba. In ka sami mai ita, nemi 12.5 zuwa 13 a cikakken totur.

7. ALLURA

A tsakiyar totur mahayi ya fi zama, saboda haka allura ita ka fi ji a jikinka. A kanta akwai tsaga, yawanci biyar, waɗansu bakwai, da ɗan zobe wanda a ke maƙalawa cikin guda. Daga sama a ke ƙidaya su. Ga abin da ke rikita mutane: in ka saukar da zobe, allura ta tashi, fetur ya ƙaru. In ka hau da zobe, allura ta nutse, fetur ya ragu. Maimaita wannan har ya zauna maka.

Bayan buɗe akwatin iska, yawanci zoben zai sauka tsaga guda. Gwada da rabin totur a riƙe. In babur yana fizga, ƙara saukar da zobe. In yana gurnani, mai da shi. In ka kai tsagar ƙarshe bai gyaru ba, allurar ce ba ta dace ba, sai a nemi wata mai sirantar da ta fi. Waɗansu baburan da aka ƙera domin titi tsaga guda allurarsu ke da ita. Irin waɗannan sai a sa ɗan siririn wasa a ƙarƙashin zobe domin a ɗaga ta, ko a sayi allura mai tsaga da yawa. Zoben nan ƙanƙane ne ƙwarai, yana kuwa tsalle. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka cire shi.

8. ƘARAMIN JET DA SUKURUNSA

Sukurun nan iri biyu ne, aikinsu kuma kishiyar juna. In yana wajen inji, na fetur ne, kwance shi ƙara kauri ne. Shi ya fi yawa a inji mai taki huɗu. In yana wajen akwatin iska, na iska ne, kwance shi tsinkawa ne. Shi ya fi yawa a mai taki biyu. Kada ka rikita shi da sukurun da ke ɗaga silo ko ya sauke shi.

Murɗa shi ciki a hankali kana ƙidaya, har ya taɓa ƙasa. Kada ka ɗaure, gama bakinsa siriri ne, zai karye ko ya ɓata mazauninsa. Mai da shi inda ya ke, ka ta da inji, ka ɗan ɗaga silo. Sa'an nan ka riƙa juya shi rubu'in murɗi, kana dakatawa kaɗan kana saurare. Inda sautin inji ya fi tashi ya kuma daidaita, nan ne wurinsa. Daga nan ka sauke silo zuwa yadda ya kamata.

Yanzu ƙidaya murɗin. In sukurun fetur ne, ya nemi fiye da murɗi 3, ƙaramin jet ya yi ƙanƙanta, sa na gaba da shi. In bai kai murɗi 1 ba, ya yi girma. In na iska ne, lissafin ya juya: ƙasa da murɗi 1 yana neman jet mafi girma, fiye da biyu da rabi yana neman mafi ƙanƙanta. Kada ka bar sukuru a kwance ainun, domin girgiza za ta fid da shi a jeji. Ɗan harbin salansa kaɗan a gangara ba ciwo ba ne, salansa mai faɗi bayyana shi kawai ta ke yi. Kada ka cika inji da fetur domin neman kashe shi sarai.

9. TUDU DA SANYI DA ZAFI

Awon da ka samu na wuri guda ne da lokaci guda. Iska tana raguwa in an hau sama, wajen kashi 3 cikin 100 a kowace mita 300. Birnin Denver na Amurka yana bisa teku da wajen mita 1,600, Jos da wajen mita 1,200. Babur da aka daidaita a bakin teku, in ya hau can, zai yi kauri, ya yi nauyin jiki. Wannan da sauƙi. Wanda aka daidaita a tudu aka gangaro da shi, shi ne abin tsoro, gama zai tsinke.

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin digiri 15 da digiri 40 bambancin ya kai wajen kashi 8 cikin 100. Watau jet ɗin da ya yi daidai da tsakar rana a bazara yana iya kasawa da asubar hunturu. Iska mai laima kuwa, irin ta damina, kauri ta ke jawowa kaɗan. Domin wannan ne ba a aron lambar jet. Ko babur ɗinku iri ɗaya ne da na abokinka, lambarsa wurin farawa ce kawai.

10. TSARON KAI DA HAƘƘIN MUTANE

Fetur abokin wuta ne. Rufe famfon tanki kafin ka kwance kofi, ka bari inji ya huce, kada a sha taba kusa. Kada ka ta da inji cikin ɗaki a rufe, gama hayaƙinsa yana da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum bai sani ba. Wurin gwaji sa hular kwano.

Ka tuna kuma ramin da ka yanke wa akwatin iska ba iska kaɗai zai shigar ba, har da ƙura da ruwa. Ƙura kuwa tana cin silinda kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Wanda ya buɗe akwati ya ɗaukar wa kansa yawan wankin soso, balle a ƙasa mai rairayi. Abin da aka yanke kuma ba ya komawa, sai an sayi sabo.

Akwai doka har wa yau. A Amurka an hana taɓa kayan rage hayaƙi na abin hawan da ke bin titi, shi ya sa a kan rufe sukurun fetur da murfin tagulla tun daga ma'aikata. A dazuzzukan gwamnati na can kuma ba a yarda da salansa ba sai mai ragar tare tartsatsi, domin gudun gobara. Tambayi dokar wurin da ka ke kafin ka sake kome. Ko ba doka ma, salansa mai ƙara tana firgita dabbobi, tana hana maƙwabta barci, ƙara kuwa ba ƙarfi ba ne.

To, ga abin da za ka riƙe. In ka faɗaɗa wa iska hanya, ka sake auna fetur. Gyara lafiyar babur tukuna. Bi babban jet, sa'an nan allura, sa'an nan ƙaramin jet, ɗaya bayan ɗaya, daga kauri zuwa daidai, kana rubutawa. In shakka ta kama ka tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar, gama kuɗin fulogi bai kai na fistan ba. Aikin yana iya cin yini guda ko biyu. Sannu ba ta hana zuwa.